Wa ake ba beli, wa ake mantawa a tsare?

Ƙorafi biyu ake ji a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, daga Farin Dutse zuwa Sara, daga Basirka zuwa Bamaina, kuma masu yin su ba safai suke haɗuwa su saurari juna ba. Na farko na mutumin da aka ɗauke wa babur ne a ƙofar masallaci, ko aka kwance wa awaki cikin dare, ko aka tare ɗansa da wuƙa aka karɓe masa waya. Ya yi cigiya, 'yan sintiri sun kamo yaron da ake zargi, an kai shi caji ofis, bayan kwana biyu sai ga yaron a bakin tasha yana harararsa. Wannan mutum cewa yake yi beli ya lalata gari. Na biyu na uwar da aka kwashe ɗanta ne a wani samame, ko a kan faɗan da ya ɓarke a wurin biki. Watanni sun shuɗe yana tsare, ba a yanke masa hukunci ba, ba a sallame shi ba, ta sayar da tunkiya ta biya kuɗin mota da na rubuta takarda har ta gaji. Ita kuma cewa take yi beli na masu gata ne.

Dukkansu gaskiya suke faɗa, kuma asalin ciwon nasu ɗaya ne. Belin da ake bayarwa a aikace bai cika tambayar ko wanda za a saki barazana ne ga jama'a ba. Abin da yake tambaya shi ne wa ya sani, kuma nawa danginsa za su iya haɗawa kafin la'asar. Saboda haka yaron da ya fi haɗari, wanda yake da ubangida, shi ne yake fara fitowa, wanda kuma bai taɓa laifi ba sai wannan karon, ko ma bai yi ba sam, shi ake bari a ciki.

Kudancin Jigawa ba Kano ba ne, kuma bai kamata a zuzuta lamarin ba. Faɗan daba na unguwa da unguwa irin na cikin birnin Kano, ko sara-suka irin ta Bauchi, ko Kalare ta Gombe, ba su ne suka fi damun manomin Farin Dutse ba. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne satar babur da dabbobi, da satar amfanin gona lokacin kaka, da sane ranar kasuwa, da shaye-shayen da ke bayan yawancin waɗannan. Sai dai yankin yana kan hanya. Titin Kano zuwa Bauchi ya ratsa Birnin Kudu, Gwaram tana iyaka da jihar Bauchi, samari kuma suna fita ci-rani kowace shekara su dawo da kuɗi, wasu su dawo da ɗabi'ar da ba su tafi da ita ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Haramcin bai hana tiramadol da wiwi da sholisho isa ƙauye ba. Ga yawan jama'a kuma: ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu sama da mutum 300,000, Gwaram sama da 270,000, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba, galibinsu yara da matasa.

To me doka ta ce? Yawancin masu zagin beli ba su taɓa jin abin da ke cikinta ba, kuma ba laifinsu ba ne, domin ba wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani da Hausa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana biyu. Ya ƙara da cewa wanda yake tsare, idan aka yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu, sai dai in laifin na hukuncin kisa ne. Beli ke nan ba afuwa ba ce, ba kuma wanke mutum ba ne. Alkawari ne cewa zai dawo kotu, tare da wani da ya ɗauki nauyin kawo shi.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka kwaikwaya suka yi tasu, har da Jigawa da Kano, ta raba laifuka hawa uku. Laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, alƙalin babbar kotu kaɗai ke iya ba da belinsa, shi ma sai da wani dalili na musamman. Ƙaramin laifi kuwa beli haƙƙin mai shi ne. A tsakiya akwai laifukan da ɗaurinsu ya wuce shekara uku, kuma a nan dokar ta faɗi abin da ya kamata kowane mai ƙorafi ya sani: kotu tana iya hana beli idan akwai dalilin zaton mutumin zai sake aikata laifi, ko zai gudu, ko zai tsorata shaidu, ko zai ɓatar da hujja. Wato yaron da aka kama sau uku da wuƙa, wanda ya aika wa mai ƙara saƙon barazana, doka ta riga ta ba alƙali ikon tsare shi. Abin da ake rasawa shi ne wanda zai tashi ya gaya wa alƙalin haka da hujja. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara yakan zo da fayil ɗin ranar kawai, ba shi da tarihin kamun da aka yi wa yaron bara a wani ofishin, balle wanda aka yi masa a Ningi ko Wudil. A idon kotu kullum sabon shiga ne.

Amma yawancin sakin da ke ƙona ran mutane ba a kotu ake yin sa ba, a caji ofis ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta yarda su ba da beli a kan laifin da ba na kisa ba idan ba za a iya kai mutum kotu a kan lokaci ba, kuma hukumar 'yan sanda da kanta tana shelanta cewa beli kyauta ne. Kowa ya san abin da dangi suke ji idan sun je. Da zarar kuɗi ya shiga tsakani, belin ya tashi daga alkawarin dawowa ya koma sayen magana, kuma sau da yawa maganar takan mutu a nan, ba ta isa gaban alƙali ba. Idan kuma yaron yana cikin waɗanda ake ɗauka a mota lokacin kamfe, waya ɗaya daga wani mai faɗa a ji ta isa. Wannan ne abin da ya fi ɓata min rai a cikin lamarin duka, domin wanda ya saya wa yaro ƙwaya ranar taron siyasa, shi ne yake fito da shi daga hannun hukuma, shi ne kuma yake hawa mumbari yana kukan tarbiyya ta lalace.

Ko maganar ta isa kotu, akwai wata hanyar da take bi ta mutu. Manomin da ke ƙauyen Farin Dutse sai ya bar gonarsa, ya biya kuɗin babur, ya zauna a harabar kotu har azahar, a ce an ɗage. Ya dawo, a sake ɗagewa saboda ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. A zuwa na huɗu ya ce ya bar wa Allah. Shaidunsa kuwa maƙwabtan iyayen yaron ne, tare suke sallah, tare suke jana'iza, ba mai son a ce shi ya ɗaure ɗan wane. Kotu ta kori ƙarar saboda rashin shaida, gari kuma ya ce alƙali ya ci kuɗi, alhali wani lokacin ba abin da aka ajiye a gabansa da zai yi hukunci da shi.

Yanzu a juyo ga uwar da ɗanta yake ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Babbar ƙofar da ake shigar da su ita ce a rubuta wa mutum babban laifi, a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron laifin, ita kuma ta aika shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ɗin zai iya kwana a kan tebur wata da watanni, zai iya ɓacewa. Wani mutum mai suna Sikiru Alade an tsare shi a Legas ta wannan hanya daga 2003, sai a 2012 kotun ƙungiyar ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce. Shekara tara ba shari'a. Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, kuma duk ƙarin da za a yi sai an dawo gaban kotu an kawo dalili. A takarda an gyara. Talakan da ba shi da lauya bai san da gyaran ba.

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 duk ƙasar ta ga yadda abin yake. An gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya ta Abuja a kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu yara ƙanana daga Arewa, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. An ba su beli, amma a kan naira miliyan 10 kowane ɗaya, da masu tsayawa biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 15. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara 12 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara wannan kuɗi. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakin yaran bayan kwana uku. Dokar 2015 ta ce kada sharaɗin beli ya yi tsanani fiye da kima. A jihar da ƙididdigar 2022 ta ce sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kamar Jigawa, a ce yaron ƙauye ya kawo babban ma'aikaci ko mai takardar mallakar gida a birni, hana beli ne aka yi, sai dai ba a furta ba.

Irin wannan sharaɗi yana da wata illar kuma: yana tura masu ƙarfi neman manya. A 2025 kwamishinan sufuri na jihar Kano ya tsaya wa wani da ake tuhuma da safarar miyagun ƙwayoyi, magana ta fito fili, gwamna ya kafa kwamitin bincike, kwamishinan ya ajiye aiki a watan Agusta. Wanda ake zargi da sayar da ƙwaya ya iya samun kwamishina. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu ba zai samu ko masinja ba.

Tsayawa mutum kuwa ba wasa ba ne a doka. A Nuwamba 2020 kotu ta aika Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje saboda Abdulrasheed Maina, wanda ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya daina zuwa kotu, daga baya aka kamo shi a Nijar. Sanatan ya yi 'yan kwanaki a tsare kafin a ba shi beli. Da a ce kotunan ƙasa suna yin haka ga duk wanda ya sa hannu ya fito da yaro sannan ya juya baya, da 'yan siyasa da masu sana'ar tsayawa a bakin kotu sun yi tunani sau biyu. A ganina nan ne ya kamata tsanantawar ta fara, a kan mai tsayawa, kafin a kai ga yaron.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan. Lamunin fuska, wato mutum ya ɗauki nauyin kawo wani gaban alƙali, babi ne sananne a littattafan Malikiyya da alƙalanmu suka karanta a zaure. Ibn Farhun, a cikin Tabsiratul Hukkam, ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, da wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna, kuma kowanne da yadda za a yi da shi kafin gaskiya ta bayyana. Ma'aunin a nan halin mutum ne da abin da jama'a suka sani game da shi, dukiyarsa ba ta shigo ciki ba. Wannan sani yana nan a ƙauyukanmu. Mai unguwa ya san yaron da ya fara sata bana saboda ya shiga mugun ayari, ya san wanda ya shekara biyar yana addabar mutane. Dagaci ya san uban da in ya ce zai kawo ɗansa kotu zai kawo shi, ko da ba shi da ko kaza. Kotu ce ba ta tambayarsu. Na san akwai haɗari a nan, domin mai unguwa ma mutum ne, yana da 'yan uwa da abokan gaba, kuma an sha ganin rikicin gona ko na siyasa ya koma ƙage. Shi ya sa ya kamata maganarsa ta zama shaida da za a faɗa a fili gaban alƙali, wanda ake tuhuma ya ji ya mayar da martani, ba raɗa a kunnen baturen 'yan sanda ba.

Masu cewa a tsananta doka suna da hujjarsu, kuma ba na raina ta. Wanda aka soka wa ɗa wuƙa a kan waya ba ya bukatar a karanta masa sashe na 36. A watan Mayu 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, kuma jama'a da yawa sun yi na'am. Idan an zare makami an yi wa mutum barazana ko rauni, dama can fashi ne, kuma ina goyon bayan a hana irin wannan beli cikin sauƙi, musamman wanda ya sake aikatawa yana kan belin farko. Abin tsoron shi ne a buɗe ƙofa ta yadda duk wanda aka samu da wayar sata, ko yaron da ya zare ta daga aljihu a kasuwa, za a rubuta masa fashi da makami. Daga nan ya faɗa layin masu jiran shawarar ma'aikatar shari'a, tare da 'yan fashin gaske, wataƙila na shekaru.

Wasu ƙasashen sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta tsananta dokar beli bayan wani da ke kan beli ya tattake mutane da mota a Melbon a 2017. A 2020 wata mata 'yar asalin ƙasar da aka hana beli a kan zargin satar kanti ta mutu a tsare, aka sassauta dokar a 2024, aka sake tsananta ta a 2025 saboda laifukan matasa. Kowane sauyi fushin abin da ya faru jiya ne ya haifar da shi. Jihar New Jersey ta Amurka ta ɗauki wata hanyar daga 2017: ta kusan daina amfani da kuɗi a beli, ta ba alƙali ikon tsare mai haɗari komai arzikinsa bayan an saurari ɓangarorin biyu, ta kuma sa wa'adin fara shari'a. Masu jiran shari'a a gidajen yarinta suka ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ba na cewa a kwafo tsarinsu, suna da kwamfuta da ma'aikatan da ba mu da su, amma tambayar da suke yi ita ce daidai.

Batun yara ƙanana ya fi komai nauyi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci, a sanar da iyayensa da zarar an kama shi, ƙananan laifuka kuma a iya warware su ba tare da an shiga kotu ba. Jigawa ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a ƙarshen 2021, Kano a 2023. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya, ta kuma tanadi aiwatar da hukuncin aikin al'umma a madadin ɗauri. Sai dai shekara da shekaru manyan makarantun horon matasa masu laifi na tarayya uku ne kacal, a Kaduna da Ilori da Abekuta. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, wanda jikinsa ya ɗan girma, abu ne mai sauƙi a rubuta masa shekara 18 a tura shi cikin manya. Ɗan shekara 15 da ya shiga saboda buhun masara zai fito ya san yadda ake kunna babur ba makulli, ya san wanda ke sayen kayan sata, yana da lambobin wayar da bai shiga da su ba. Garin da ya yi murnar an rufe shi, shi zai karɓe shi bayan wata shida.

Idan mutane suka yanke ƙauna daga kotu, abin da ke biyo baya ya fi muni. 'Yan sintiri, waɗanda ba don su ba da ƙauyuka da yawa ba su yi barci ba, sukan fara hukunci da kansu a ofishinsu. Daga nan sai ihun ɓarawo da duka a kasuwa, kuma taron da ya fusata ba ya tsayawa tantance mai laifi. Mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 zargi kawai aka yi musu. Mu da muka yi kukan wannan ba mu da bakin yarda da irinsa a ƙofar gidanmu.

Abubuwa da yawa ba sa jiran sabuwar doka. Dokar 2015 ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace. Idan ana yin wannan a Gwaram da Birnin Kudu a kan lokaci, kuma ana sanar da ranar, kasuwar beli a caji ofis za ta ragu. Dokar ta hana kama uba ko ɗan uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma ce ba a hana mace tsayawa mutum don kawai ita mace ce, abin da uwaye da yawa ba su sani ba, suna yawon neman namijin da zai sa musu hannu. Kowace kotu tana iya ajiye littafin masu tsayawa, a ga sunan da yake maimaituwa a kan yara daban-daban, a kira mai shi ya yi bayani. Ƙaramar hukuma tana iya ɗaukar nauyin kuɗin motar shaidu, wanda bai kai abin da ake kashewa a taron siyasa ɗaya ba. Shari'ar wanda aka hana beli saboda makami a sa mata wa'adi, a fara ta kafin sauran, tunda babbar kotun jiha tana zama a Birnin Kudu, ba sai an je Dutse ba. Satar farko ta ƙaramin abu kuma a mayar da ita gaban dagaci da liman da iyaye, a biya mai kaya haƙƙinsa, a rubuta a ajiye kwafi a kotu, domin idan yaron ya sake, alƙali ya buɗe littafi ya ga ba yau ya fara ba.